Zafin Baƙin Mai a Injin Beetle da Kombi: Tambayoyin da Masu Motoci Marasa Lagireto Ke Yawan Yi

Duk wanda ke riƙe da tsohuwar Volkswagen mai inji a baya, Beetle ce ko Kombi ko Igala, ya san da zarar bazara ta kama kukan masu irinta ɗaya ne: inji yana zafi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi nanatawa. An fi ba da ƙarfi ga injin 1300 da 1500 da 1600, irin waɗanda suka bazu a hannun mutane tun da aka fara haɗa Beetle a masana'antar Volkswagen ta Legas a 1975. Duk awon zafin da aka ambata na ma'aunin Celsius ne.

1. Motar da ba ta da lagireto, me ke sanyaya injinta?

Iska da baƙin mai. A saman injin akwai wani gidan kwano mai doro, a cikinsa fanka take. Fankar a jikin sandar dinamo ɗaya take, fanbel ɗaya ke juya su su biyun. Tana zuƙo iska, ta hura ta ƙasa ta bi ta tsakanin haƙarƙarin da aka yi wa silinda da kawunansu, iskar ta kwashi zafi ta fice ta ƙarƙashin mota. Wani kaso na iskar kuma yana ratsa kular mai, wato ɗan ƙaramin lagireton da baƙin mai ke bi ta cikinsa.

Man shi ke isa inda iska ba ta kai: ƙasan fistin, mital ɗin karanshaf, da wajen bawul. Ga shi kuma duka-duka lita biyu da rabi injin ke ci. Wannan ɗan man ne ke santsi, shi ne kuma ke jidar zafi, don haka abin da wata motar za ta jure ba tare da an ji labari ba, a nan nan da nan yake bayyana.

2. Wane zafi ne daidai, wane ne ya yi yawa?

Tsakanin digiri 80 zuwa 105 babu abin damuwa. Daga 110 sai a fara sa ido a rage gudu. Idan ya kai 120, a nemi wuri a tsaya. Kamfanin bai sa wa Beetle agogon zafin mai ba, saboda haka waɗannan alƙaluma daga abin da masu gyaran irin injin suka daɗe suna gani aka samo su, kuma za ka ji wani ya ɗan ɗaga ko ya ɗan sauke.

Yanayin gari yana da nasa hannu. Injin da ke tsayawa a 90 da safiyar hunturu a Jos, kada ka yi mamaki in ya nuna 105 a hanyar Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, lokacin da iskar da fanka ke zuƙa ita kanta ta haura 40. Abin lura shi ne ko allurar ta sami wuri ta tsaya. Injin da ya kai 105 ya zauna nan tun daga Kano har Zariya ya fi wanda ke 98 amma yana ta hawa ba ya tsayawa lafiya.

3. Idan mai ya wuce ƙima, me yake lalatawa?

Man yana tsinkewa ya koma kamar ruwa, matsinsa ya faɗi, ɗan siririn shimfiɗar da ke raba karanshaf da mital ta kasa riƙe nauyi. Daga nan hanyar bugawar inji ta buɗe. Shi kansa man yana ƙonewa da wuri, ya yi baƙi, ya bar dasashi. Robobin da ke tare mai suna bushewa su fara yoyo, yoyon ya kama ƙura, ƙurar ta toshe haƙarƙari, zafin ya ƙaru.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da wannan injin. Gangar jikinsa da haɗin ƙarfen magnesium aka zuba ta, wanda ba shi da nauyi amma ba ya son zafi mai yawa a kai a kai. Dogayen ƙusoshin da ke ɗaure kan silinda sukan fara saɓulewa daga cikinta. Idan ka ji inji yana wani fat-fat daga gefe lokacin da ka taka totur da sanyin safiya, sau da yawa kan silinda ne ya saki.

4. Motata ba ta da agogon zafi. Ta yaya zan gane ya yi yawa?

Tsohuwar dabarar direbobi ita ce taɓa gejin mai. Bayan tafiya mai ɗan nisa, ka tsaya ka zare shi. Idan za ka iya riƙe hannunsa na ɗan lokaci kana jin zafi amma kana daurewa, da sauƙi. Idan sai da ka yar da shi ko ka yi ta sauya hannu, man ya yi zafi fiye da kima. Dabarar ba ta da tabbas, domin hannun bakanike da na ma'aikacin ofis ba ɗaya ba ne, amma ta fi babu.

Sauran alamun: wutar mai ta riƙa ƙyaftawa idan ka sauko daga babbar hanya inji ya koma silo, warin ƙonannen mai, mota ta rasa ƙarfi a hawa, da wata ƙara ƙyas-ƙyas daga inji idan ka taka. Ka sani wutar nan ta dashbod, wadda koriya ce a tsofaffin samfura, ja a na baya, matsin mai take aunawa, ba zafinsa ba. Ba ta kamawa sai matsin ya sauka ƙasa da rabin bar (bar ma'aunin matsi ne). In ta kama kana cikin gudu, an riga an makara ko ana dab da makara.

Mafi araha cikin abin da ke ba da lamba shi ne dogon ma'aunin zafi irin na masu girki, mai tsinken ƙarfe. A kashe inji, a zare geji, a zura shi a ramin har ya taɓa mai.

5. Ina so in sa agogo. A ina ya kamata a ɗaura sensa?

Inda za ta nutse a cikin mai. Wuraren da aka saba su ne ramin geji, ko notin juye da ke gindin inji, ko madadin notin da ke rufe bawul ɗin matsin mai. Kowanne da aibinsa. Ta gindin inji iskar hanya tana bugunta, sai ta nuna ƙasa da gaskiya, kuma dutse ko tudun kan titi na iya tsinke wayarta. Wurin da ba na ba kowa shawara shi ne a yi reshe a mazaunin sensar wutar mai a ɗaura ta can: man ba ya gudana a wannan lungun, zafin gangar inji kawai za ka riƙa karantawa.

Agogo da sensa su zama na kamfani ɗaya kuma na awo ɗaya. Agogon kamfanin VDO mai kaiwa 150 idan aka haɗa shi da sensar mai kaiwa 120, ƙarya zai yi ta yi maka har ranar da ka cire shi. Akwai kuma wani geji da kamfanin Gene Berg na Amurka ya yi suna da shi, wanda ba shi da agogo sam. Ana haɗa shi da wayar wutar mai, idan zafi ya yi yawa sai wutar ta fara ƙyaftawa.

6. Yaya zan tabbatar agogon gaskiya yake faɗa?

Kafin a ɗaura sensar, a haɗa wayoyinta, a ɗaura mata wayar as, a tsoma bakinta a tukunyar ruwa mai tafasa. Ya kamata agogo ya nuna kusan 100. A Kano zai ɗan gaza da digiri ɗaya ko biyu, a Jos kuwa wajen 96, saboda ruwa yana saurin tafasa a kan tudu. Idan ya kauce, ka riƙe bambancin a kai. Idan kuma allura tana motsi duk lokacin da ka kunna fitila, as ɗin agogon ne ba shi da kyau.

7. Idan zafin mai daidai yake, shi ke nan inji lafiya lau?

A'a, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Zafin mai da zafin kan silinda abu biyu ne. Mai yana hawa a hankali, ya fi bin yawan juyawar inji. Kan silinda kuwa cikin daƙiƙu yake hawa, kuma nauyin da aka ɗora wa inji yake bi. Kombi cike da kaya tana hawan tudu a giya ta huɗu na iya gasa kawunanta alhali agogon mai yana nan a 95.

Ana auna kan silinda da wata sensa mai zobe da ake sa wa a ƙarƙashin fulogi, galibi na silinda ta uku (dalili yana amsa ta 11). Tsakanin 150 da 190 shi ne aka saba gani a tafiya. Daga 200 zuwa sama mazaunin bawul da bawul ɗin hayaƙi suna cikin haɗari. Mai Beetle da ke yawon gari zai iya wadatuwa da agogon mai. Mai Kombi da ke lodi, in ɗaya kawai zai iya saya, na fi son ya sayi na kan silinda.

8. An ce in zuba mai mai kauri sosai saboda zafin ƙasarmu. Gaskiya ne?

Rabin gaskiya ne. A cikin gangar injin akwai wani ɗan fistin mai sifirin da ke tsare hanyar kular mai. Idan mai yana da kauri, kamar da sanyin safiya, matsi yana yawa, sai ya tura fistin ɗin ƙasa, man ya zarce kai tsaye zuwa mital bai bi ta kula ba. Da ya yi ɗumi ya saki, matsi ya sauka, sifirin ya mayar da fistin, sai man ya koma bi ta kula. Ma'ana, injin ba ya jin zafi, kauri yake ji. Idan ka zuba masa man da ya fi ƙarfin buƙatarsa, ko aka sa masa sifirin mai tauri ko babban famfon mai don a ga matsi ya tashi, zai ɗauka har yanzu safiya ce, ya ci gaba da kauce wa kula alhali yana dahuwa.

Littafin motar ya ba da SAE 30 (lambar kaurin mai ke nan) don yanayi mai ɗumi, da SAE 40 don lokacin zafi a ƙasashe irin namu. A man zamani, 15W-40 yana yi wa injin da mital ɗinsa ke da kyau daidai. 20W-50 ya fi dacewa da injin da ya kwana biyu, wanda matsinsa ke faɗuwa in ya yi zafi. Agogon matsi ne alƙali: abin da aka saba bi shi ne kusan bar 0.7 kan kowane juyi dubu a minti idan inji ya yi zafi. Awon kamfanin kuma, da SAE 30 a digiri 70 da juyi 2,500, bai kamata ya gaza bar 2 ba.

Sai a guji man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, wanda ba a san asalinsa ba. Lita biyu da rabi ba ta kai abin da za a yi wa rowa ba.

9. Bakanikena ya cire tamostat da 'yan ƙofofin cikin gidan fanka, ya ce na ƙasashen sanyi ne. Ya kyauta?

Bai kyauta ba, ko da yake ba shi kaɗai ke yi ba. Tamostat ɗin yana ƙarƙashin silindun dama, yana buɗewa tsakanin 65 da 70, ya tura wani ɗan ƙarfe da ke wangale ƙofofin. Da zarar sun buɗe ba sa tare komai. Hasali ma a buɗen suna karkata iska zuwa ga kawunan silinda, inda aka fi buƙatarta. Cire su ba ya ƙara sanyi a rana tsaka, sai dai ya ɓata rabon iskar. Na asalin ma an ƙera shi ne yadda in ya fashe zai miƙe, ƙofofin su tsaya a buɗe.

Sanyi ma cuta ne ga inji. Man da bai kai 80 ba ba ya korar raɓa da fetur ɗin da suka sulale cikinsa. Wanda ke 'yar gajeriyar tafiya a hunturu, ya buɗe murfin zuba mai: in ya ga wani farin abu kamar kindirmo a jikinsa, alamar ke nan. Idan ba a samu tamostat ba, aƙalla a mayar da ƙofofin a ɗaure su a buɗe da waya.

10. Wasu kwanukan jikin injin sun ɓata, robar gefe ma ta yage. Wannan zai iya kawo zafi?

In ka tambaye ni, wannan ne babban dalili, kuma shi aka fi rainawa. An tsara ɗakin injin ne gida biyu. Sama na iska mai sanyi, wadda a Beetle ke shigowa ta ramukan da ke ƙasan gilashin baya da na jikin murfi. Ƙasa na iska mai zafi da salansa. Kwanukan da robar da ta zagaye su su ne katangar da ke tsakani. Duk ɓulin da ke jikin katangar nan, fanka za ta zuƙo iskar da ta riga ta dahu ta sake hura wa inji ita.

Ka buɗe murfi da rana ka leƙa. In kana hango ƙasa ta gefen inji, akwai matsala. Duba kwanon baya da ke saman salansa. Duba robobin da ke rufe ramin fulogi, waɗanda kusan kullum ake yar da su wajen canza waya. Iskar da ya kamata ta bi kan silinda ta nan take tserewa. Duba bakuna biyu na gidan fanka da ke kai iska ga hita: tunda ba mai buƙatar hita a nan, akan cire tiyon a bar su a wangale, alhali toshe su ya kamata a yi. A ƙarƙashin kowane silindu biyu kuma akwai wani ɗan faifan kwano da ke tilasta wa iska zagaye silinda. Ba a ganinsa sai an kwanta, kuma in aka manta da shi wajen haɗa inji, sai an sake kwance wani sashe kafin ya shiga.

Sai ita kanta fankar. Ka kashe inji, ka cire makulli ka sa a aljihu, ka zura hannu ta bayan gidan fanka ka lalubi bakinta. Leda, tsumman da bakanike ya manta, ko takardar rufin bangon ɗakin inji da ta saki, duk a nan suke maƙalewa. Idan kuma aka ɗaga gidan fanka a injin da ya shekara yana yoyo, abin da ake tararwa ke nan: kular mai ta yi sulke da laka, baƙin mai da ƙurar hunturu sun cuɗe sun daskare tsakanin haƙarƙarinta har ba ka hango haske ta ciki. Kananzir da burushi da iskar famfo ke gyara wannan, ba sabon kaya ba.

11. Me ya sa kullum silinda ta uku ake zargi?

Ita ce ta ɓangaren hagu, ta can ciki wajen kujerar baya. A injunan da aka yi kafin 1971, kular mai a cikin gidan fanka take tsaye, daidai kan hanyar iskar da ke zuwa gare ta. Iskar sai ta fara ɗaukar zafin mai kafin ta iso, shi ya sa bawul ɗin hayaƙinta ya fi saurin ƙonewa ko tsinkewa. Har distiributar wancan lokaci an yi ta ne tana ɗan jinkirta wa ta uku wuta don a rage mata zafi, wanda ke nufin in aka juya wayoyi aka ba wata silinda wannan gurbin, an yi asarar dabarar.

Daga samfurin 1971 aka fitar da kular zuwa wani ɗan akurki nata a bayan gidan fanka, aka faɗaɗa fankar, iskar da ta ratsa kula kuma aka yi mata hanyar fita waje. In injinka mai tsohon tsari ne kuma kana doguwar tafiya, komawa wannan tsarin ya fi duk wani ƙarin da za ka saya (dubi amsa ta 16 da ta 18).

12. Taimin da kafireta da bawul suna da hannu?

Sosai. Wutar da ta yi gaba da yawa tana kawo ƙarar nan ta ƙyas-ƙyas, tana iya huda fistin. Wadda ta yi baya tana gasa bawul da salansa. Saitin kunne ba ya isa. A sa fitilar taimin, a ɗaga inji sama da juyi 3,000, a ga iyakar gabatar wutar ta tsaya tsakanin digiri 28 da 32 na juyawar karanshaf (ba na zafi ba), musamman ga masu distiributar Bosch 009 marar tiyon iska. In akwai tiyo, a cire shi kafin a auna.

Kafireta da aka matse don tsimin fetur tana sa inji zafi. Haka iskar da ke satar shiga ta tsagaggun robobin bututun da ke kai fetur ga kawunan silinda. Farin fulogi fes alama ce ta ƙarancin fetur. Gurɓataccen fetur ma yana kawo ƙyas-ƙyas ko da taimin daidai yake. Bawul kuma tazararsu milimita 0.15 ce, a inji mai sanyi da ya kwana bai tashi ba. Bawul ɗin da ya matse ba ya zama sosai a mazauninsa, kuma ta wannan zaman ne yake sauke zafinsa. In ka ga ɗaya yana ta matsewa a kowane saiti, yana miƙewa ne, a canza shi kafin kansa ya faɗa cikin silinda.

13. Cunkoso ne ya fi cutar da shi ko gudu?

Gudu da lodi. A silo inji ba ya haifar da zafi mai yawa, kuma fanka tana juyawa ko mota na tsaye, don haka Beetle mai cikakkun kwanuka ba ta tsoron cunkoso. In tana zafi a tsaye, koma amsa ta 10.

Abin da ke kashe shi shi ne a bar mota a babbar giya tana nishi, totur a ƙasa, inji na juyawa a hankali. Wuta na ci sosai, fanka kuwa tana bin juyin inji. A hawa ka sauko giya ta uku ka bar shi ya yi kuka. A miƙaƙƙiyar hanya, rage kilomita goma a gudunka yakan sauko da allura fiye da yadda kake zato.

14. Wutar caji ta kama ina tafiya. Zan iya lallaɓawa zuwa gari?

Kada ka kuskura. Ka tsaya nan take ka duba fanbel. Tunda shi ke juya dinamo da fanka tare, tsinkewarsa na nufin babu iska ko kaɗan, kuma 'yan mintuna sun isa su gama da inji. In ka tarar yana nan daram kuma fanka na juyawa, to matsalar caji ce, ka iya ci gaba. Fanbel na ajiya da sifanar notinsa kada su bar motar. Ɗaurinsa kuma, in ka danna tsakiyarsa da babban yatsa ya lotsa kamar santimita ɗaya da rabi; da wasoshin da ke tsakanin ɓari biyu na fulin dinamo ake saita shi.

15. Allura ta haura a tsakiyar hanya. Me zan yi a lokacin?

Rage gudu tukuna ka ga ko za ta sauko. In ba ta sauko ba, ka sauka gefe. Idan fanbel lafiya kuma wutar mai ba ta kama ba, bar inji a silo na 'yan mintuna fanka ta kwashe zafin kawunan, sannan ka kashe ka buɗe murfi. Idan wutar mai ta kama, kashewa nan take. Bayan ya huce ka auna mai, ka lalubi bakin fanka.

Kada ka watsa masa ruwa. Kan silinda na alminiyam ne, ruwan sanyi a kan zafi na iya tsaga shi. Tunda murfi na buɗe, ka duba tiyon fetur ma. Wanda ya bushe ya tsattsage a kusa da inji mai zafi shi ke jawo gobarar da aka san waɗannan motoci da ita.

16. In ƙara kular mai ta waje, ko babban kasko, ko in ɗage murfin inji?

Bayan an gyara abin da ke amsa ta 9 zuwa ta 12, ba kafin nan ba. Injin da bai wuce yadda kamfani ya yi shi ba da wuya ya buƙaci ƙari. Sa kula a kan injin da taimin ɗinsa ya kauce yana sauko da allura ne kawai, kawunan na can suna ƙonewa (amsa ta 7).

In an faɗaɗa injin ko Kombi ce mai lodi, kular waje tana da amfani, da sharaɗi uku: a bar ta asali a wurinta, a sa mata tamostat mai buɗewa wajen 80, kuma a ɗaura ta inda zafinta ba zai koma wa fanka ba. Wadda ake maƙalawa a bakin fanka ita ce mafi muni. Babban kasko yana ƙara yawan mai, yana jinkirta zafi, amma ba ya hana shi zuwa, ga shi yana rage tazarar mota da ƙasa, abin da ba a so a hanyoyinmu. Ɗage saman murfin Beetle yana taimaka wa babban inji da aka sa a tsohuwar mota mai murfi marar ramuka. Ɗage shi ta ƙasa kuwa na iya jawo zafin salansa ciki. Murfin bawul mai ƙyalli da ƙaramin fulin karanshaf na 'yan tsere, ado ne da ake biya da zafi: na farkon yana riƙe shi, na biyun yana rage juyin fanka.

17. Yaushe ake juye?

Kowane kilomita 5,000, ko ƙasa da haka a lokacin ƙura, da kuma duk bayan ranar da man ya sha zafi sosai. Injin ba shi da filta irin ta motocin yanzu, rariyar waya ce kawai a gindinsa, bayan wani faifai mai noti shida. A wanke ta, a sa sababbin gasket, kuma a ɗaure notocin nan a hankali, ƙanana ne. A yi saitin bawul a wannan zuwan. Tukunyar tace iska mai ɗauke da mai a gindinta ita ma a zubar da lakar a sabunta man.

Masu Porsche 911 mai sanyin iska, wadda aka daina yi a 1998, lissafinsu daban ne: man a tanki yake, wajen lita goma ne ko fiye, kuma ana auna shi ne inji na aiki bayan ya yi zafi. Citroën 2CV kuma kularta a bayan fanka take a gaban mota, toshewa da datti ne babban ciwonta.

18. Na duba duk waɗannan, har yanzu yana zafi. Me ya rage?

Yanzu sai a tuhumi haɗin injin. Injunan da ke hannunmu yawanci an sha kwance su, kayan shekaru daban-daban sun gauraya. Ana samun siririyar fankar tsohon tsari a cikin gidan sabon tsari, tana juyawa lafiya amma iskarta ba ta isa ba. Ana samun ɗan akurkin kula babu soson da ke naɗe kular, ko babu kwanon da ke fitar da iskarta waje, sai zafin ya dawo bakin fanka. Ana samun robobin gindin kula da ba na wannan gangar ba, sun matse sun rage hanyar mai. Gidajen fanka na kasuwa masu ƙyalli kuma wasunsu ba su da fikafikan ciki masu raba iska yadda na asali ke da su.

Sai ɗan fistin ɗin amsa ta 8: a kwance notinsa a ga ko yana zamewa sumul, domin in ya maƙale a ƙasa man ba zai taɓa ganin kula ba. Idan an sha wanke fuskar kan silinda a injin gyara, matsin silinda ya tashi sama da ninki 7.5 da aka san 1600 da shi, kuma fetur ɗin gidan mai ba lallai ya ɗauke shi ba. A auna matsin kowace silinda, a auna matsin mai da agogon hannu inji na da zafi. In matsin man ya gaza awon da aka ambata ko da 20W-50, mital ko mazauninsu a ganga ne suka ci, sai an sauke inji.